Kundin aikin akwatin ajiyar hotunan gidanmu a Gusau

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Ni da 'yan uwana mun yanke shawarar haɗa kuɗi mu sayi na'urar da za ta riƙe hotuna da bidiyon gidanmu a wuri guda, kuma ni aka ɗora wa aikin. Zan riƙa rubuta yadda ake ciki, don wanda ya ba da kuɗinsa ya san inda suka shiga, mai irin niyyarmu kuma ya ɗauki abin da zai amfane shi.

Na'urar ita ake kira NAS. Ƙaramar kwamfuta ce da ba ta da allo, cikinta faya-fayan ajiya, ana jona ta da rautar gida, sai duk waya ko laftof da ke kan Wi-Fi ɗin gidan ta iya zuba mata kaya ta kuma ɗebo. Ko babu data a rautar aikin cikin gida yana tafiya, domin maganar tsakanin waya da akwatin ce kawai.

Ƙanina da ke Abuja ya ce me zai hana mu biya Google mu huta. Ba ƙaramar magana ya yi ba, amma ga abin da na gaya masa. Tun 1 ga Yuni 2021 Google Photos ya daina ajiya kyauta marar iyaka, 15GB ne rabon kowa, kuma shi ne na Gmail da Drive. Daga 2024 ajiyar WhatsApp ta wayoyin Android ma ta shiga cikin lissafin. Sai kuma abin da mutumin Zamfara ba zai manta ba: a farkon Satumba 2021 aka rufe layukan waya a faɗin jihar saboda matsalar tsaro, nan Gusau sai farkon Oktoba aka buɗe, wasu ƙananan hukumomin suka daɗe fiye da haka. Duk wanda takardunsa da hotunansa ke can kan intanet, a makonnin nan ba shi da su. Ina son abin da ke namu ya kasance inda hannu zai kai.

Na tattara lissafi: wayoyin mutanen gida, tsohuwar laftof, faifan waje guda, da memori a cikin gwangwanin alawa. Sun kusa 900GB. Ga kuma albam na takarda da ke ɗakin Inna, waɗanda ba a taɓa ɗauka ba.

Asabar, 18 ga Janairu

Hanya mafi araha na fara gwadawa. Akwai tsohuwar kwamfutar tebur a gida, na sa mata OpenMediaVault, manhaja ce kyauta da ke mayar da kwamfuta NAS. Ta yi aiki tsaf. Akwai irinta mai suna TrueNAS, akwai kuma Immich da ke shirya hotuna, duk kyauta. Mai son koyo zai ji daɗinsu ƙwarai.

Sai na ari ma'aunin wuta wurin mai gyara mana sola na jona. Wat 50 take ci tana zaune. A wuni da kwana 1,200Wh ke nan. Batirinmu na 12V 200Ah yana ɗaukar 2,400Wh a rubuce, amma irin batirin nan na dalma ba a son a sha fiye da rabinsa in ana so ya yi ƙarko. Wato kwamfutar ita kaɗai za ta cinye rabon batiri guda a kullum, kuma batiri biyu gare mu, da su ake fanka da fitila da cajin waya. Akwatin NAS mai faifai biyu kuwa wajen wat 15 yake ci yana aiki, in faya-fayan sun kwanta ya sauko ƙasa da 5.

A gidan da wuta ba ta tsayawa, wannan lissafin ya fi ƙarfin injin da yawan RAM (ƙwaƙwalwar da na'ura ke aiki da ita) muhimmanci. Masu bayani a intanet yawancinsu ba su fara daga nan ba, don su ba su san a tashi tsakar dare a kashe firij saboda inbata na kuka ba.

Dalili na biyu da ya sa na haƙura da kwamfutar: in ba na gari abin ya tsaya, wa zai tayar? Autarmu ta iya waya, amma ba zan bar mata aikin buga umarni a baƙin allo ba.

Asabar, 25 ga Janairu

Makon nan aka amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin ɗari. Ƙanina da kansa ya kira ya ce a ci gaba da maganar akwati.

Akwatunan NAS uku na sa a gaba. Synology DS223j shi ne mai sauƙin kuɗi, RAM ɗinsa 1GB kuma ba a ƙarawa, sannan sai an buɗe jikinsa kafin a sa faifai. QNAP TS-233 yana da 2GB. Synology DS224+ yana da injin Intel Celeron J4125 da 2GB da ake iya kaiwa 6GB, faya-fayansa kuma a aljihun tebur suke, a zaro a mayar ba sukudireba. Kamfanonin biyu duk na Taiwan ne. Na tsaya a kan DS224+, saboda tantance fuskoki a dubban hotuna aiki ne mai nauyi, kuma ina son ranar da faifai ya mutu ko ta waya in iya gaya wa yaro ya zare na hagu ya sa sabo.

Faifai ma yana da nasa zance. Akwai mai tsarin CMR, akwai mai SMR. Shi SMR layukan rubutunsa hawa juna suke yi, don haka in ana masa rubutu mai yawa ba hutu sai ya yi nauyi, abin da ba a so a lokacin da akwati ke kwafe ajiya a kan sabon faifai bayan wani ya mutu. A 2020 aka gano wasu WD Red na 2TB zuwa 6TB masu SMR ne, daga nan kamfanin ya ware masu CMR ya kira su Red Plus. IronWolf na Seagate CMR ne. Mai saye ya karanta lambar da ke jikin faifan, kada ya tsaya ga launin takarda.

Laraba, 5 ga Fabrairu

Na tura kuɗi Kano. Akwati ₦620,000, faifai biyu na 4TB kowanne ₦195,000. Za a ba direba a kawo tasha.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Kaya sun iso jiya, kuɗin mota ₦8,000. Akwatin lafiya lau a kwalinsa. Na sa faya-fayan, na jona da rauta, na girka DSM, wato manhajar da ke tafiyar da shi. Kafin in zuba ko hoto ɗaya na buɗe bayanan lafiyar faifai, wanda ake kira S.M.A.R.T. Kowane faifai yana rubuta tarihin kansa a ciki: awa nawa ya yi a kunne, zafin da ya sha, gurabe nawa suka lalace aka kauce musu.

Na farko awa sifili, sabo fil. Na biyu ya nuna sama da awa 21,000. Shekara biyu da kusan rabi ke nan yana juyawa a wani wuri, aka goge shi aka sa a leda aka liƙe. Akwai kuma gurabe 16 da suka riga suka lalace. Raina ya ɓaci sosai, ba don kuɗin kaɗai ba. Da ban duba ba, da hotunan mahaifinmu sun zauna a kan abin da ya fara mutuwa, muna ganin mun yi tanadi.

Na ɗauki hoton allon na tura wa mai shagon. Da farko ya ce, "Alhaji, ai haka suke zuwa, gwajin kamfani ne." Na ce, "Malam, gwajin kamfani ba ya kai shekara biyu. Ka duba lambar da kanka." Ya yi shiru, daga baya ya kira ya ce shi ma haka aka ba shi a Legas, in mayar zai canza. Ban san gaskiyar wannan ba a wurinsa, na dai karɓi uzurin tunda ya amsa canji. Na ce wanda zai turo a bar shi a ledarsa ta asali, a kuma rubuta lambarsa a rasit.

Duk mai sayen faifai a kasuwa ya yi wannan dubawar ranar da ya karɓa, tun rasit bai yi sanyi ba. A kwamfuta ma ana iya yi da CrystalDiskInfo, kyauta ce.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Ana jiran faifai. Na kakkaɓe ƙurar hunturu daga ɗakin da akwatin zai zauna, kafinta ya kafa masa katako a bango, nesa da taga.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Sabon faifai ya zo, awa sifili, dogon gwaji ya wuce lafiya. Na haɗa su a tsarin SHR, wanda a faifai biyu yake nufin duk abin da aka rubuta a ɗaya an rubuta a ɗayan. Don haka 4TB biyu ba 8TB za su ba ka ba. Allon ma 3.6TB zai nuna, domin masu ƙera faifai da dubu suke ƙirga, kwamfuta kuma da 1,024. Na zaɓi Btrfs a matsayin tsarin fayil, saboda yana iya gane fayil ɗin da ya ruɓe a ɓoye ya gyara shi daga ɗaya faifan.

Daren jiya aka samu cikas. Akwatin na tsaka da daidaita faya-fayan, aikin da ke cin awoyi da yawa, batir ya yi ƙasa wajen ƙarfe uku inbata ta yanke. Da safe na kunna, ya yi ƙara ya nuna gargaɗin an kashe shi ba bisa ƙa'ida ba, ya koma duba faya-fayan. Ba a rasa komai ba tunda babu komai a ciki tukuna, amma irin wannan yankewar ana cikin rubutu ita ke lalata ajiya.

Maganinsa UPS, wato ƙaramin batirin da ke riƙe na'ura in wuta ta yanke, mai kafar USB. Ba don ya riƙe wuta tsawon dare ba: in wuta ta yanke yana sanar da akwatin ta wayar USB, akwatin ya rufe ayyukansa ya kwantar da faya-fayan kafin ƙaramin batirin ya ƙare. Na zaga shagunan cikin gari, duk waɗanda na gani ba su da kafar. Na yi oda, ₦85,000. Kafin ya zo, da rana kawai nake kunnawa.

Laraba, 26 ga Fabrairu

Na fara kwafa daga laftof, gudun bai wuce 11MB a daƙiƙa ba. Kafar rautarmu ta megabit 100 ce, kamar yawancin ƙananan rautocin da ake sa wa sim. A haka 900GB zai ci kusan awa 23 ba tsayawa. Na sayi ƙaramin suwic, wato mahaɗar wayoyin kwamfuta, na gigabit ₦22,000 da wayoyin Cat6 na ₦6,000, na jona laftof da akwatin a kansa, gudu ya haura 100MB a manyan bidiyo. Faifan waje kuwa kai tsaye na soka shi a kafar USB ta gaban akwatin.

Asabar, 1 ga Maris, 1 ga Ramadan

An tashi da azumi. UPS ya zo, na zare filogi don gwaji, akwatin ya kwanta da kansa. Aiki zai koma bayan tarawihi.

Lahadi, 9 ga Maris

Nan ne ainihin wahalar take, kuma ba ta na'ura ba ce.

Synology Photos, manhajar hotuna ta akwatin, yana jera hotuna bisa ranar da kyamara ta rubuta a cikin fayil. Hoton da aka ɗauka da waya yana ɗauke da wannan bayanin. Wanda ya biyo ta WhatsApp kuwa an matse shi an kuma share bayanin, sai manhajar ta koma ga ranar da aka taɓa fayil ɗin a ƙarshe. Sai ga hotunan sunan ɗana na fari sun faɗo a Fabrairun bana, kusa da hoton rasit ɗin faifai. Kusan rabin abin da muka tara ta WhatsApp ya zo.

Abin da ya cece ni sunan fayil. A Android WhatsApp yana sa suna irin IMG-20190811-WA0007, wato 11 ga Agusta 2019, ranar Babbar Salla ta shekarar. Da wata manhaja mai suna ExifTool na sa aka kwashe ranar daga sunan aka rubuta ta cikin hoton, dubbai a lokaci guda. Sai dai ranar da hoton ya shigo wayar ce, ba lallai ranar da aka ɗauke shi ba. Hoton bikin 2012 da aka turo a 2020 sai an gyara da hannu, kuma sai an sami wanda ya tuna.

Na kuma tsara foldoji da kaina: shekara, sannan wata da sunan taro, misali "2019-08 Babbar Salla". Dalilina shi ne in wata rana mun bar wannan manhajar, ko akwatin ya mutu aka jona kwafinsa a wata kwamfuta, foldojin suna nan yadda kowa zai gane. Albam na cikin manhaja a cikin manhajar yake ƙarewa.

Masu maimai sun yi yawa, hoto guda a waya biyar. Storage Analyzer, manhajar binciken ajiya ta akwatin, ya fito da jerinsu. Da na cire su, da katunan barka da Juma'a da bidiyon da ake yaɗawa a zaurukan WhatsApp, 900GB ya dawo wajen 640GB.

Juma'a, 14 ga Maris

Maiɗakina ta tsayar da ni kafin in sa manhajar a wayarta. Ta ce, "Maigida, hotunan kamu da na wuni fa? Akwai matan mutane a ciki ba lulluɓi. Su Yaya za su gani?" Tambayar da ta fi duk wadda na yi wa kaina ke nan. Hotunan nan amanar ƙawayenta ne da 'yan uwanta, ba nata kaɗai ba.

Manhajar tana da wuri biyu, na kowa da kowa da na mutum shi kaɗai. Na buɗe wa kowa asusunsa da kalmar sirrinsa, wayarsa na zubawa a nasa wurin, sai abin da ya ga dama ya tura na taro. Na kuma gaya mata abin da ya kamata duk mai riƙe irin wannan akwati ya gaya wa mutanen gidansa: mai asusun shugaba yana da ikon buɗe foldar kowa in ya so. Na yi mata alkawari ba zan buɗe ba, na kuma buɗe wa kaina asusu na yau da kullum marar wannan iko. Ta ce ta yarda, amma wasu hotunan za ta bar su a wayarta. Hakkinta ne.

Na kashe asusun da ke zuwa da sunan admin, na kunna tabbatarwa mai mataki biyu. Akwatin kuma ban buɗe shi ga intanet ba. A 2014 wata muguwar manhaja mai suna SynoLocker ta kulle fayilolin masu Synology, a Janairu 2022 irinta mai suna DeadBolt ta yi wa masu QNAP haka, ana neman kuɗin fansa, kuma akwatunan da aka bari a buɗe ga duniya aka fi samu.

Asabar, 22 ga Maris

Na ari sikana ina ɗaukar albam ɗin Inna a 600dpi, kaɗan-kaɗan bayan buɗa-baki. Manhajar tana tara fuskoki masu kama da juna ta ce a ba su suna. A hotunan waya tana ƙoƙari. A tsofaffin baƙi da fari, musamman inda aka sha rawani, tana haɗa mutum biyu wuri guda. Ta haɗa wani hoto da aka ɗauka a tashar jirgin ƙasa ta Ƙaura Namoda da na Baba. Inna ta kalla ta ce, "Wanga ba babanku ba na, ƙanensa na, lokacin da yana aikin reluwe." Layin dogon nan tun 1929 ya kai Ƙaura, kuma ashe gidanmu ya ci abinci a jikinsa ban sani ba.

Tun daga ranar nake zama da ita, tana faɗa ina rubutawa a ƙarƙashin kowane hoto: wane ne, ina ne, wace shekara ko zamanin wane gwamna. Wannan ya fi komai gaggawa a aikin nan. Faifai ana sake saye, wanda ya san mutanen da ke cikin hotunan nan kuwa ita kaɗai ta rage mana, Allah Ya ƙara mata lafiya.

Litinin, 31 ga Maris

Jiya aka yi Salla. Kowa ya dawo daga idi da ziyara, wayoyi suka hau Wi-Fi, hotuna suka shiga da kansu. Da dare muka kalla tare a laftof.

Lahadi, 6 ga Afrilu

Bazara ta kama, da rana gari yana haura digiri 40. Kamfanin ya rubuta akwatin ya yi aiki tsakanin 0 da 40. A Fabrairu faya-fayan suna zama a 37 zuwa 38, jiya da azahar na ga 51. Ba su kai inda za su tsaya ba, amma zafi mai ɗorewa yana rage musu kwana.

Ga inda abin ya ɗaure: lokacin da sola ke ba da wuta a wadace shi ne lokacin da ɗaki ya fi zafi, lokacin da gari ya yi sanyi kuma batir ake lallaɓawa. Na sa fankarsa a cikakken gudu, ya sauko 47, ƙararta kuma ta ƙaru. Na sauke shi daga katakon, domin kusa da rufin kwano zafi ya fi taruwa, na mayar da shi ɗakin tsakiya a kan ɗan benci. Sannan na yi amfani da jadawalin kunnawa da kashewa da ke cikin DSM: ya tashi bayan asuba ya yi aiki zuwa sha ɗaya, ya kwanta, ya sake tashi bayan magariba zuwa sha ɗayan dare. Wasu na cewa yawan kunnawa da kashewa ma yana gajiyar da faifai. Gaskiya ne, amma sau biyu a rana ya fi mini sauƙi a kan wuni cikin zafin 50. In damina ta sauka zan cire hutun rana.

Asabar, 12 ga Afrilu

Yayanmu ya tambaya, tunda faifai biyu ne, me ya sa nake neman kuɗin na uku. Na ce, "Yaya, rumbu biyu ne a jingine da juna, gobara ɗaya ta ishe su." Faifai na biyu yana tsare mu daga mutuwar na farko ne kawai. In yaro ya share folda, a duka biyun ta tafi. In tsawa ta faɗa ko ɓarawo ya shigo, akwatin gaba ɗaya ne. Ƙa'idar da masana ajiya ke bi ita ce 3-2-1: kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wani wuri dabam.

Na kunna kwandon shara na kowace folda, da hoton halin ajiya da Btrfs ke ɗauka kullum, wanda ke ba da damar komawa jiya ko makon jiya. Na sayi faifan waje na 2TB ₦140,000, Hyper Backup, manhajar kwafi ta akwatin, ya kwafe komai a kansa a kulle da kalmar sirri. Na gwada dawo da folda guda daga cikinsa, ta buɗe daidai. Zai zauna gidan Yaya a Tudun Wada, a kawo shi farkon kowane wata a sabunta a mayar. Kalmar sirrin na rubuta a takarda biyu, ɗaya wurinsa, ɗaya cikin takardun gida.

Jimillar abin da aka kashe zuwa yau ₦1,271,000, za a raba yadda muka yi magana.

Abin da ya rage: kafin ruwan farko mai gyaran wuta zai duba wayar ƙasa ta gidan ya sa mana abin tare tsawa, kuma duk daren da hadari ya haɗu za a zare filogi da wayar rauta. Ƙanina yana son ya riƙa gani daga Abuja, zan gwada masa Tailscale, tsarin shiga akwatin daga nesa, wanda ba ya buƙatar a buɗe ƙofa a rauta, in na ga yawan datar da zai ci. Ƙarin RAM na 4GB sai bayan Babbar Salla. Albam biyu na Inna sun rage, ranar Talata za mu ci gaba daga na aikin Hajjin Baba.